Katunan Da Na Kai Gida

Lokacin da ɗiyata ta uku take aji uku na firamare, ni ne hedimastan makarantarsu, a wani ƙauye kusa da Birnin Tudu, ƙasar Bakura. Shekarunta tara. Cikin 'ya'yana biyar babu mai kaifin bakinta. Idan aka biya mata abu sau biyu, ya zauna ke nan. A Islamiyya ita ke jan 'yan ajinsu hadda, a gida kuwa takan maimaita labaran rediyo da muryar mai karantawa har uwarta ta riƙe ciki don dariya. In na yi baƙi nakan kira ta ta ɗauko littafin Hausa na ajinsu, ta tsaya ta karanta musu shafi guda ba tuntuɓe. Baƙi su sa mata albarka, ni kuwa in ji kaina ya yi girma.

Uwarta ce ta fara ganewa, ita da ba ta taɓa zama ajin boko ba. Wata rana bayan baƙi sun tafi, tana kwashe kwanoni, ta ce da ni:

"Malam, ɗiyar ga ba karatu takai ba."

Na ce, "In ba karatu ba, mi takai?"

"Labarin akuya ta ba su, amma hoton kwalekwale na gani ga shafin da ta buɗe."

Na yi dariya, na ce ita mi ta sani game da takarda. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Da safe kafin mu fita na kira yarinyar tsakar gida, na ɗauki tsinke na rubuta "gida" a ƙasa. Ta kalli rubutun, ta ɗago ta kalli fuskata.

"Gona?"

"Sake dubawa."

"Goro."

Na share da ƙafa, na rubuta "baba". Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi, sannan hawaye suka zubo. Na ce mata wasa ne ya yi mata yawa, ta ɗauko jakarta mu tafi. A hanya na yi ta gaya wa kaina cewa ganina ne ya firgita ta.

Cikin zangon karatun nan aka kira hedimastoci taro a Talata Mafara. A nan aka gabatar mana da wata malama da ta karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman. Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe tana aiki a Mafara har Hausarta ta fara komawa irin tamu. Ta ce za ta zaga makarantu ta gwada yaran da karatu ke ba wuya. Ta nanata cewa ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Akwai yaron da idonsa ne ba ya gani sosai, akwai wanda kunne ne, akwai wanda ciwo ya taɓa yana ƙarami, akwai kuma wanda lafiyarsa lau, hankalinsa garau, amma haruffa ba sa zama a kansa yadda suke zama a kan sauran yara. Ta ce kowanne da irin taimakon da ya dace da shi, kuma sai an san wane ne wane kafin a taimaka. Ta roƙi kowane malamin aji ya rubuto sunayen yaran da yake da shakka a kansu.

Na dawo na isar da saƙo. Bayan mako guda malamar aji uku ta shigo ofishina da takarda a hannu. Yarinya ce sabuwar ɗauka, ni na koyar da ita tana ƙarama. Ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ajiye takardar a kan tebur ba ta ɗaga kai ba.

"Ranka shi daɗe, na sa sunanta. Ka yi haƙuri."

Sunan ɗiyata ne na huɗu. Na tambaye ta ko an riga an aika da kwafi Mafara, ta ce an aika tun jiya. Na yi kwanaki ina amsa gaisuwarta a taƙaice. Abin da ke raina shi ne bakin mutane. A ƙauye irin namu, in aka ce an gwada yaro an same shi da matsala, ba a tsayawa tambayar wace iri. Za a ce ɗiyar hedimasta tana da taɓin ƙwaƙwalwa, sunan ya bi ta har girmanta.

Malamar gwajin ta iso ranar Laraba a bayan ɗan kabu-kabu, da wata jakar leda mai zif a cinyarta. Na ba ta ofishina, na zauna gefe don in taimaka da yaran da ke jin kunyar baƙuwa. Haka na ga yadda ake yi daga farko har ƙarshe. Takan fara da hira, ta tambayi yaro wasan da ya fi so da abin da ya karya da shi. Sai ta rataye wani allo a bango mai alamu kamar cokali mai yatsu, yaro ya rufe ido ɗaya ya nuna inda yatsun suka fuskanta. Sai ta koma bayansa ta yi raɗa, ya maimaita. In uwar yaro ta zo, takan tambaye ta yadda haihuwa ta kasance, yaushe ya fara tafiya, yaushe ya fara magana, ko ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓin da ya kai shi ga suma. Daga nan sai wasan baki: ce "tabarma", to cire "ta", mi ya rage? Sannan ta fito da katuna, na haruffa da na kalmomi. Cikinsu akwai kalmomin da ba su da ma'ana ko kaɗan, irin su "zolu" da "mefa". Na tambaye ta amfaninsu.

Ta ce, "Malam, akwai yara masu hadda. Sukan haddace littafi duka, malami ya zaci karatu suke. Amma wannan kalma ba su taɓa jin ta ba. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ne kaɗai zai karanta ta."

Na gyaɗa kai kamar zancen bai shafe ni ba.

Zuwa Juma'a ba ta gama ba, saura yara uku, ɗiyata a ciki. Ta ce za ta dawo Litinin. Ɗan kabu-kabunta yana ta gaggawa don ba a son yamma ta yi wa mutum a kan hanyar Mafara, ga kuma hadari ya haɗo. Ta ce in ajiye mata jakar kada ruwa ya jiƙa katunan. Na sa a kabad na kulle a gabanta. Bayan an sauko daga masallaci na koma makaranta, na buɗe kabad, na sa katunan cikin aljihun babbar rigata.

Kwana biyu da rabi muka yi a zaure ni da ita, ƙofa a rufe. Na ce mata ranar Litinin baƙuwa za ta yi mata tambayoyi, ba na son ta ba ni kunya. Ta ce to. Nakan ɗaga kati in faɗi abin da ke jiki, ta maimaita. Zuwa la'asar ɗin Asabar ta iya su duka a jere. Sai na tuna malamar takan gauraya su. Na gauraya, na ɗaga ɗaya. Ta ce, "Zolu." Na ɗaga wani. Ta ce, "Rijiya." Duk daidai. Farin ciki ya kama ni, na zaci ƙofar ce ta buɗe.

"Yaya kika gane wanga?"

"Shi ne mai kunne lanƙwashe, Baba. Wancan kuma akwai ɗigon biro ga gefe. Rijiya shi ne wanda ya fi datti."

Ba ta duba harafi ko ɗaya ba. Kowane kati ta sa masa alama da tabonsa. A wannan lokacin na san gaskiya sarai, babu sauran abin da zan ruɗi kaina da shi. Yarinyar da ta iya wannan dabara ba daƙiƙiya ba ce, ba kuma malalaciya ba, wani abu ne dabam ke damunta, kuma mai maganinsa za ta zo jibi. Na riƙe katin ina kallonsa. Sannan na ce, "Madalla. Mu ci gaba."

Uwarta ta leƙo da ruwan sha, ta ga katunan a kan tabarma. Ta ce, "Malam, waɗanga ba kayan matar nan ba ne?" Na ce ta koma cikin gida.

Ranar Litinin ɗiyata ta amsa kusan komai. Ta cire "ta" daga "tabarma" tun kafin a rufe baki. Ta karanta "mefa" da "zolu". A shifta ne kawai ta yi jinkiri, tana zana kalmomin da na koya mata kamar mai zana hoto. Malamar ta daɗe tana duba takardar, ta kalli yarinyar, ta kalle ni. Daga ƙarshe ta rubuta cewa ba ta ga matsala ba, sai dai a ƙara mata aikin rubutu. Na raka malamar har bakin hanya ina yi mata godiya.

Yara shida aka ware a makarantarmu. Biyu an tura su asibiti, ɗaya ido, ɗaya kunne. Sauran huɗun aka haɗa su da malamar aji uku, wadda aka kai Mafara ta yi kwas na 'yan makonni. Kullum da safe kafin a shiga aji sukan zauna da ita a ƙarƙashin itacen dogon yaro da faranti cike da yashi. Su zana harafi da yatsa suna faɗin sautinsa, su gina shi da yumɓu, su tafa hannu a kan kowace gaɓa. Yara suka sa musu suna 'yan safe. An yi musu dariya mako ɗaya ko biyu, daga baya kowa ya manta. Cikinsu akwai ɗiyar wata mai sayar da fura. Kafin shekara ta zagayo na ji ta da kunnena tana karanta rubutun jikin motar ɗaukar shinkafa, gaɓa bayan gaɓa. Ni da ɗiyata kullum tare muke isowa makaranta da wuri. Takan zauna a bakin baranda da jakarta a cinya tana kallonsu har a buga ƙararrawa.

Shekara uku aka yi haka. Littattafai suka yi kauri, hadda ta kasa ɗaukarsu. Ta fara ciwon ciki kowace safiya, ciwon da ba ya zuwa Asabar da Lahadi. Ta daina kwaikwayon rediyo. In na yi baƙi sai ta sulale gidan maƙwabta, ni ma na daina kiranta. Nakan zaunar da ita da yamma in koya mata yadda aka koya mini, da maimaici da tsawa, mu tashi kowa ransa a ɓace. Sau da yawa na yi niyyar in ce wa malamar aji uku ta haɗa da ita cikin 'yan safe, sai in tuna za ta tambaye ni dalili, tunda takarda ta ce lafiyarta lau.

A jarrabawar shiga sakandare ta rubuta sunanta, sannan ta kwafe tambayoyin a wurin amsa, layi bayan layi, da kyakkyawan rubutu. Wanda ya yi tsaron ɗakin abokina ne, shi ya gaya mini a keɓe. Ƙawayenta suka sami gurbi, wasu Jangebe, wasu Mafara, ita babu sunanta.

Ranar da sakamako ya fito uwarta ta same ni a zaure. Tun da muka yi aure ba ta taɓa yi mini magana a tsaye ina zaune ba sai ranar.

"Malam, ko ka kai ta wurin matar nan, ko ni in kai ta. Na yi shiru shekara uku don girmanka. Ya isa."

Muka tafi mu uku ranar Talata, da motar 'yan kasuwa. A ofishin ilimi na Mafara aka ce mana shirin ya daɗe da tsayawa, malamar ma ta kusa ritaya, amma aka kwatanta mana gidanta. Muka same ta tana shanya wanki. Ta gane ni nan take. Bayan mun gaisa, ta kawo ruwa, na ce yarinyar ta ɗan fita waje. Sannan na gaya mata abin da na yi, ban rage komai ba.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta murza zoben hannunta.

"Na yi shakka ranar," in ji ta. "Yaro ba ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba da sauri haka. Sai na ce a raina, hedimasta ne, a gida yake koya mata. Na koma gida ina tunanin ko ni ce ban iya aikina ba." Ta numfasa. "To, ya wuce. Kira mini ita. Amma yau kai za ka zauna waje, Malam."

Ta yayyanka kwalin sabulu ta yi sababbin katuna. Na zauna a kan benci a bakin taga, ina jin komai. Ido lafiya, kunne lafiya. Ta karanta mata wani labari mai tsawo ta yi mata tambayoyi, ta amsa duka har da abin da ba a tambaye ta ba. Ta ba ta lissafi da baki, ta yi. Sai aka zo wasan gaɓa da sababbin kalmomi.

"Ce 'makaranta'. To cire 'ma'."

Ta kasa.

"Ba komai. Wannan harafin fa, wane sauti yake yi?"

"Ban sani ba, Malama."

"Wannan fa?"

"Ban sani ba."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. A gabana kullum sai ta yi hasashe, ko ta yi kuka. A can ciki kuwa tana faɗinsa da murya a sake, malamar tana ce mata, "Yawwa, na gode da kika gaya mini."

Da suka gama ta kira mu ciki, ta yi bayani a gaban yarinyar, tana kallon uwarta fiye da ni. Ta ce hankalin ɗiyarmu ya wuce na sa'o'inta. Matsalar wuri ɗaya take: haɗa sautin da kunne ke ji da harafin da ido ke gani. Ta ce haka aka haife ta, kuma ba aljanu ba ne, ba baki ba, ba lalaci ba, ba kuma laifin kowa ba. Uwarta ta tambaya ko yana warkewa. Ta ce ba ciwo ba ne balle ya warke, amma ana koyo, da wata hanya dabam, a hankali. Na tambaye ta ko mun makara. Ta ce yaro ɗan shekara tara ya fi saurin kamawa, kuma a lokacin bai gama tsanar takarda ba. Ba ta ƙara komai a kai ba.

A motar komawa ɗiyata tana tsakaninmu, buhun albasar wani ya danne mana ƙafafu. Mun wuce gonakin shinkafa ke nan ta ce, ba ta kalle ni ba:

"Baba, ran nan a ofishinka, da na hwaɗi gwajin, mi za a yi mani?"

Na ce, "Da an sa ki cikin 'yan safe."

Can ta ce:

"Ni ko ina son shiga. Na zaci sai wanda babanshi ya yarda aka sa."

Uwarta ta ja mayafi ta rufe fuska.

'Yan safe sun riga sun watse, an yi wa malamarsu canjin wurin aiki. Na samo faranti da yashi na ce zan koya mata da kaina, yadda aka nuna mini. Bai yiwu ba. Da na zana harafi sai ta bar yashin ta kalli fuskata tana neman amsa. Don haka duk Asabar uwarta ke kai ta Mafara gidan malamar, wadda ta ƙi karɓar ko sisi. Wata biyar suka yi. Ta kama haruffa, ta fara haɗa gaɓa biyu. Sai hanya ta lalace, aka shiga tare motoci, muka daina barinsu su tafi. Kafin abin ya lafa malamar ta yi ritaya ta koma garinsu. Ta aiko mana da kwalin katuna ta hannun wani direba.

Na ce ta maimaita aji shida. Ta je mako uku, tana zaune a bayan aji, ta fi kowa tsawo, ƙanenta na benci na gaba. Wata safiya ta ce ba ta zuwa, ban kuma tilasta mata ba. Da damina ta tafi Dosara wurin kakarta ta wajen uwa, wai ta taya ta aiki na wata ɗaya. Ba ta dawo da zama gidana ba. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda ɓarayin daji, suka koma cikin garin Maradun, can ta koyi ɗinki a wurin wata ƙanwar uwarta. Yanzu tana da kekenta da masu kawo mata aiki. Tana iya karanta allon shago in ba a tsaya a kanta ba. A waya saƙon murya take aiko mana, mai tsawo, da gaisuwar kowa da sunansa.

Bayan na yi ritaya na je Maradun na same ta tana yanka atamfa a ƙasa. Tun a mota na shirya abin da zan faɗa. Na fara, na kai ga cewa ni na cuce ta, sai ta katse ni.

"Baba, don Allah bari. Ya wuce. Sha kununka kada shi huce."

Na sha. Can ta miƙe ta ɗauko wata takarda a ƙarƙashin keken, ta ƙungiyar matan da ke ɗinki a unguwarsu, ta ce an ce kowa ta karanta ta sa hannu, kwana huɗu ke nan tana bin ta ba ta kai rabi ba. Na sa tabarau na karanta mata daga sama har ƙasa. Ta tsayar da ni wuri biyu ta ce wannan sharaɗin bai yi ba, za ta yi magana a taro. Na nuna mata layin, ta rubuta sunanta a hankali.

Ta raka ni tasha tun kafin la'asar, saboda hanya. Ta ba ni hula biyu da ta ɗinka wa jikokina, ta ce in gaida Inna, in kuma kira ta da zarar mun shiga Bakura.